Kibiyar alminiyom a bakan gargajiya: me maharban Amurka suka gani a jikinta?

Idan ka ɗauki kibiyar alminiyom ta kamfanin Easton ka jujjuya ta a hannu, za ka ga an buga lambobi huɗu a jikinta: 1916, ko 2016, ko 2117. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka shekarar da aka ƙera ta ce. Biyun farko kaurin karan kibiyar suke faɗa, in an kasa inci ɗaya kashi 64, biyun ƙarshe kuma kaurin bangon bututun, in an kasa inci kashi dubu. Wato 2016 bututu ne mai kaurin kashi 20 cikin 64 na inci, bangonsa kuma kashi 16 cikin dubu. Maharbin da ya sayi dozin ɗinta shekaru talatin da suka wuce, in ya koma kanti yau ya ambaci lambar nan, abin da ya saba da shi za a miƙo masa, nauyi ɗaya, tauri ɗaya. A ganina, dogon musun da maharban Amurka ke yi tsakanin kibiyar alminiyom da ta kabon (wani zare mai ƙarfi da ake naɗewa a yi kara da shi) da ta itace, rabin amsarsa na cikin waɗannan lambobi huɗu.

Amma sai an fara warware kalmar gargajiya, don abin da suke nufi da ita ba shi muke nufi ba. In an ce wa Bahaushe bakan gargajiya, abin da zai zo masa a rai shi ne tanƙwararren itace da tsirkiya, da kwari cike da kibau na kyauro, da Sarkin Baka da yaransa sun doshi daji. A Amurka kalmar ba ta yi tsufan haka ba. Wani mutumin jihar Missouri, Holless Wilbur Allen, ya ƙirƙiro baka mai 'yan tayoyi a bakunansa biyu, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1969. Tayoyin nan suna rage wa maharbi nauyin riƙo bayan ya ja tsirkiya, kuma kafin shekarun 1970 su ƙare wannan baka ya mamaye kasuwa. Waɗanda suka ƙi karɓarsa, suka tsaya kan baka mara taya mara na'urar saiti, su ne suka koma kiran kansu 'yan gargajiya. Bakunan da suke riƙe da su kuwa yawanci irin na shekarun 1950 da 1960 ne, na itace da aka manne da faiba, irin waɗanda kamfanin Fred Bear ya riƙa fitarwa daga garin Grayling na jihar Michigan.

To wace kibiya ake harbawa da waɗannan bakuna a zamaninsu? Doug Easton ya fara sana'ar baka da kibiyar itace a California a 1922, kuma abin da ya dame shi shi ne ba ya iya samun kara biyu da suka zo daidai da juna. A 1939 ya fara ƙera kibiya da bututun alminiyom, ƙarfen nan mara nauyi da muke kira goran ruwa. A 1941 Larry Hughes ya ci gasar ƙasa da kibau ɗinsa. A 1958 aka fitar da XX75, wadda aka yi da gaurayen alminiyom mai lamba 7075, irin wanda ake ƙera jikin jirgin sama da shi, kuma har yau ana sayar da ita da wannan suna. Ka ga ashe kibiyar alminiyom ta girmi baka mai taya da shekara talatin. Kibiyar kabon kuwa sai a shekarun 1980 ta shigo kasuwa sosai. Saboda haka Ba'amurken da ya gaji bakan mahaifinsa, sau da yawa tare da damin kibau na alminiyom masu launin ruwan goro ya gaje shi, kuma a wurinsa wannan ita ce gargajiyar.

Begen jiya kaɗai ba zai riƙe mutum shekara da shekaru kan kayan da ba ya masa aiki ba. Ainihin dalilin yana cikin abin da ke faruwa a ƙiftawar ido bayan an saki tsirkiya.

Kibiya ba ta fita daga baka a miƙe. Lokacin da yatsu suka saki tsirkiya, ba ta tafiya gaba sak, sai ta ɗan goce gefe yayin da take zamewa daga kan yatsun. Duk ƙarfin bakan kuma gindin kibiyar yake duka, alhali kanta, inda ƙarfe mai nauyi yake, bai riga ya motsa ba. Sai karan ya lanƙwashe, ya dawo, ya sake lanƙwashewa ta ɗaya gefen, ya fita yana karkaɗa jiki kamar tarwaɗa a ruwa. Wannan lanƙwasa ce ke ba ta damar kewaye mariƙin bakan ba tare da ta buge shi ba. Tun a shekarun 1930 wani masanin kimiyya, Clarence Hickman, ya ɗauki hoton wannan motsi da kyamara mai saurin ɗauka, mutane suka gani da idonsu. In karan ya yi tauri fiye da ƙarfin bakan, ba zai lanƙwashe yadda ya kamata ba, kuma ga mai harbi da dama sai kibiyar ta riƙa faɗuwa hagu. In ya yi laushi, sai ta riƙa faɗuwa dama.

Mai baka mai taya wannan bai cika damunsa ba. Ba da yatsu yake saki ba, da wani ɗan maƙalli ne mai kunama, an kuma yanke mariƙin bakansa yadda kibiya ke bi ta tsakiya, ga sukurori da zai murɗa ya matsar da mazauninta hagu ko dama. Ɗan wasan Olamfik ma yana da wani ɗan maɓalli mai sifirin a jikin bakansa da ke shanye ɓarin wannan lanƙwasa. Ɗan gargajiya ba shi da ko ɗaya. Kibiyarsa a kan wani ɗan dakali take kwanciya da aka sassaƙa a jikin mariƙi aka shimfiɗa masa fata ko gashi, wani ma a kan bayan hannunsa. Ban da murɗa tsirkiya don ƙara ko rage tazararta daga mariƙi, da matsar da wurin ɗana kibiya sama ko ƙasa, babu wani abu mai yawa da zai gyara a jikin bakan. Sauran gyara duk a jikin kibiya yake.

A nan gizo ke saƙar. Ana auna taurin kibiya ne ta ɗora karanta a kan turaku biyu masu tazarar inci 28, a rataya nauyin giram 880 a tsakiya, a duba iya yadda ta sunkuya. In ta sunkuya rabin inci, sai a ce taurinta 500 ne. Ƙaramar lamba, kibiya mai tauri ke nan. Yawancin kibau na kabon da ake sayar wa mafarauta a matakai kaɗan suke zuwa: 340, 400, 500, 600. Alminiyom kuwa tsakanin 400 da 600 kaɗai akwai 2117 da ke wajen 407, da 2018 wajen 464, da 2114 wajen 510, da 2016 wajen 531, sannan 1916 ta ɗan haura 600. Bambancin kamar na rigar kanti da ɗinkin tela ne. Ta kanti ƙarama ce da matsakaiciya da babba, sai ka zaɓi wadda ta fi kusa da kai ka yi haƙuri da sauran. Tela kuwa tef yake sa maka.

Akwai ma abin da ya fi wannan, kuma shi ya fi burge ni a tsarin. Tunda kauri da bango abubuwa biyu ne daban, ana iya samun tauri ɗaya ta hanyoyi dabam-dabam. Ɗauki 2213 da 2115 da 2018: taurinsu kusan ɗaya ne, duk a wajen 460. Amma ta farko faffaɗa ce mai siririn bango, ba ta da nauyi, tana da gudu, tana kuma saurin loɓawa. Ta ƙarshe siririya ce mai kaurin bango, ta fi nauyi nesa ba kusa ba, tana jure duka. Mutum ɗaya da baka ɗaya zai iya harba ta farko a filin gasa, ya ɗauki ta ƙarshe ranar farauta, ba tare da kibiyar ta canza gefen da take faɗuwa ba. Mai kabon ma yana isa inda yake so, ba na musun wannan. Sai dai hanyarsa ita ce ya sayi mai tauri, ya riƙa rage mata tsawo kaɗan-kaɗan, yana ƙara wa kanta nauyin tagulla har ta daidaita, kuma in ya zarce wajen yanka, an gama.

Sai batun kamanni tsakanin kibiya da 'yar'uwarta. Bututun alminiyom jan sa ake yi ta cikin ramin ƙarfe, mataki bayan mataki, har ya kai ma'aunin da ake so, don haka ta kowane gefe ka lanƙwasa shi tauri ɗaya zai ba ka. Kabon zare ne ake naɗewa a kan sanda a gasa da ƙaro, kuma inda naɗin ya haɗu yakan fi sauran wurin tauri, musamman a masu araha. Masu tsada an shawo kan wannan matsala sosai, amma kuɗinsu ya ninka. Itace kuwa halitta ce, kowace bishiya da irin girmanta. Icen da suka fi so, sidar Port Orford, a wani ɗan yanki kaɗai take fitowa tsakanin kudu maso yammacin Oregon da arewacin California, kuma wata cutar saiwa ta daɗe tana cin ta. Masu sayar da karan itace a rukuni-rukuni suke tankaɗe su, tazarar laba biyar-biyar ta ƙarfin baka, sannan mai saye ya zauna da sikeli ya sake ware waɗanda nauyinsu ya zo kusa. Dole ya lura da yadda jijiyar icen ta kwanta kafin ya manna gindi. In damina ta yi karan ya sha laima ya karkace, sai ya bi shi da hannu yana miƙarwa. Masu son itace wannan hidimar ce daɗinsu, har da ƙamshin da sidar ke yi in ta karye, kuma ban ga laifinsu ba. Amma aiki ne na wanda ya riga ya iya harbi.

Me ya sa kamannin nan ya fi muhimmanci ga ɗan gargajiya fiye da kowa? Domin shi ba shi da abin saiti. Da yawansu harbinsu irin na yaro da danƙonsa ne: ido a kan abin da ake nufi, hannu ya tashi da kansa. Ba lissafi ake yi ba, jiki ne ke haddace yadda kibiya ke tashi da sauka bayan an harba dubbai. To in kibau goma sha biyun da ke kwarinsa kowace da halinta, me jikin zai haddace? Ya yi saki mai kyau kibiya ta kauce, sai ya gyara abin da bai lalace ba. Ya yi saki mara kyau ta faɗa tsakiya, sai ya riƙe kuskure a matsayin daidai. Da kibau da suka zo ɗaya, in ya kuskure ya san daga hannunsa ne. Wannan ne ya sa nake ganin mai koyo da ya fara da alminiyom ya fi saurin gane kansa, ko da daga baya zai koma itace ko kabon.

Nauyi shi ne dalili na gaba, kuma mafarauta sun fi ambatonsa. Su da wani ƙaramin ma'auni suke auna kibiya, giren, wanda goma sha biyar da ɗoriya ke yin giram ɗaya. Ƙa'idar da 'yan gargajiya suka gada ita ce kibiya ta kai giren 8 zuwa 10 a kan kowace laba ta ƙarfin baka. Ɗauki 2016, wadda kowane incinta giren 10.6 ne. In an yanke ta a inci 29, karan kaɗai ya haura giren 300. A sa mata kai mai giren 125, da mazauninsa, da gindi, da gashin talotalo uku, ta doshi 475, wato kusan giram 31. A baka mai laba 45 ta cika ƙa'ida har da ɗan ƙari, ba tare da an yi mata wata dabara ba. Kabon mai irin wannan tauri, in ba na musamman aka saya ba, yakan gaza da kusan giren ɗari.

Kibiya mai nauyi tana kwashe mafi yawan ƙarfin da bakan ya tara. Wanda mara nauyi ta bari kuwa ba ɓacewa yake ba, a jikin bakan yake ƙarewa, ya zama girgiza a hannu da ƙara a kunne, kuma tsohon baka da aka manne da gam shekara sittin da suka wuce ba ya son wannan duka. Ƙarar ma ba ƙaramin abu ba ce. Sauti na cin mita 340 a daƙiƙa, kibiyar bakan gargajiya kuwa hamsin da 'yan kai. Barewar da ke nisan mita 20 za ta ji ƙarar tsirkiya tun kibiya ba ta ci kashi ɗaya cikin biyar na hanya ba, kuma lokacin da ya rage ya ishe ta ta durƙusa don zabura, kibiya ta bi ta samanta ko ta same ta a wurin da bai dace ba. Baka mai shiru yana rage wannan.

Wanda ya san kibiyar maharbanmu zai yi mamakin wannan damuwa da nauyi, don tamu ta kyauro ce, shafal, ba gashi a gindinta, kuma ta yi aiki ɗaruruwan shekaru a farauta da yaƙi. Bambancin shi ne tamu dafi take kaiwa. Ya ishe ta ta huda fata, kunnuwan ƙarfen su hana ta fita, dafin kwankwani ya ƙarasa sauran. A Amurka kusan ko'ina doka ta hana dafi. Kibiyarsu da kaifin faffaɗan kai take kisa, don haka dole ta ratsa haƙarƙari ta shiga huhu, in da hali ta fita ta ɗaya gefen, kuma baka mara gudu ba shi da abin da zai tura ta haka sai nauyinta.

Akwai kuma yadda kowace ke nuna lahaninta. Alminiyom in ta bugi dutse lanƙwashewa take, ko ta loɓa, kuma ido zai gani. Ka mirgina ta a kan tebur ko ka juya ta a kan farce, in ta karkace za ta yi rawa. In lanƙwasar ba mai kaifi ba ce, akwai ɗan abin miƙarwa da ke dawo da ita. Masu kabon suna alfahari da cewa tasu ko dai a miƙe take ko a karye, kuma gaskiya ne, amma akwai hali na uku: tsagewar da ba ta fito fili ba. Kibiyar da ta tsage daga ciki tana iya tarwatsewa lokacin saki, tsinkayenta su shige hannun da ke riƙe da baka. Shi ya sa masu ƙera ta da kansu ke gargaɗin a lanƙwasa ta a saurara kafin kowane harbi, in an ji ƙas-ƙas a jefar. In kuma ta karye a cikin dabba, sai an yanke naman wurin an zubar. Itace ma yana karyewa ta bin jijiyarsa ya bar tsini mai haɗari.

Haɗa ta a gida ma ba wuya. Ɗan abin da masu gyaran famfo ke yanka bututun tagulla da shi ya isa, sai gam mai narkewa da ɗan harshen wuta. In kana son canza kai, ka ɗumama ka zare. Kabon sai da zarto mai gudun gaske, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu, zafi kuma yana lalata ƙaron da ya riƙe zarensa.

Duk da wannan, kada a ɗauka alminiyom ce ke mulki a yau. Ko a cikin 'yan gargajiya kabon ya ci kasuwa, kuma da hujja. Suna da wata al'ada ta yawo a daji suna harbin ruɓaɓɓun kututture da ganyaye don motsa hannu, kuma a irin wannan yawo alminiyom mai siririn bango ba ta kai yamma, kabon kuwa sai ya yi shekara. Binciken wani mafarauci, Ed Ashby, wanda ya faro da gwaji a kan manyan namun daji a yankin Natal na Afirka ta Kudu a shekarun 1980, ya nuna kibiyar da ta kai giren 650 ta fi iya fasa ƙashi mai kauri, ya kuma nuna amfanin tara nauyin a gaba maimakon a baza shi a tsawon kara. Kara mara nauyi da kai mai nauyin gaske shi ne hanya mafi sauƙi ta cimma haka, kuma wannan filin kabon ne. Siririn kara ya fi ratsa nama, iska ma ba ta cika kaɗa shi ba. Alminiyom kuma tana da ƙara in ta goga jikin baka, tana da sanyin taɓawa a hunturu, kuma da kasuwarta ta ragu an daina fitar da wasu lambobin, har tsofaffin maharba na farautar ragowarsu a intanet.

Wasu wuraren ma ba zaɓinka ba ne. A gasar dogon baka irin na Ingila, kibiyar itace kawai aka yarda da ita. A Koriya, inda ake harbin allo daga nisan mita 145, masu koyo kabon suke harbawa, manya kuma su koma gora. A Japan kuwa ɗaliban kyudo, harbin da ke cike da ladubban da aka gada, akasari da kibau na alminiyom suke farawa, masu lambobi irin 1913 da 2015, saboda ta gora tana da tsada kuma tana son kulawar da ɗalibi bai kai gare ta ba. Dalilin malaman can bai yi nisa da na Ba'amurken ba: a ba mai koyo kibiyar da ba za ta ruɗe shi ba.

Kamfanin Easton da kansa ya bi ta kowace ƙofa. Yana da alminiyom da aka yi wa zanen jijiyar itace, mai suna Legacy, don wanda ke son idonsa ya ga itace hannunsa ya harba ƙarfe. Yana da FMJ, wadda cikinta kabon ne aka sa mata rigar alminiyom don ƙarin nauyi. Su ma maharban da suka koma kabon ba su zubar da tsofaffin kibau ɗinsu da suka lanƙwashe ba. Kabon in ya bugi abu mai tauri ta baki yake tsagewa, inda kan ƙarfen ke dannawa ciki. Sai su yanko guntun tsohuwar alminiyom, inci ɗaya ko biyu, wadda raminta ya yi daidai da kaurin sabuwar, su zura ta a bakin su manne, ta riƙe wurin kamar zoben da maƙeri ke sa wa ƙotar wuƙa.